Masu Hayar Sunan Kamfani da Siyasar Zaɓe a Amurka

1.0 Gabatarwa

In ana zancen kuɗi da siyasa a ƙasar Amurka, abin da ya fi saurin faɗo wa mutane a rai shi ne manyan attajirai da bankunan birnin Niyok da kamfanonin man fetur. Lalle waɗannan suna da nasu hannu, kuma an yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu. To amma akwai wani rukuni na 'yan kasuwa da ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa da wuya a sami ɗan majalisa ɗaya a Washinton wanda zai yarda ya ɓata da su a banza. Waɗannan su ne masu hayar sunan kamfani, watau mutumin da ya mallaki gidan abinci ko otal ko wurin sayar da motoci, amma sunan da ke rubuce a ƙofarsa na wani babban kamfani ne, kamar McDonald's ko Ford ko Holiday Inn.

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda waɗannan mutane suke shiga siyasa, da hanyoyin da suke bi su taimaki 'yan takara, da abin da suke nema a madadin taimakon. An zaɓi Amurka ne domin can wannan irin ciniki ya fi kafuwa, kuma can doka ta tilasta wa ɗan takarar muƙamin tarayya ya bayyana sunan duk wanda ya ba shi fiye da dala 200. Saboda haka mai bincike yana da abin dubawa, ba sai ya dogara da jita-jita ba.

2.0 Ma'anar hayar suna

Amurkawa suna ce wa wannan ciniki faranchayis. Tun da yake ba mu da tsayayyar kalma ɗaya a Hausa, a cikin wannan takarda za mu riƙa cewa "hayar suna". Wanda ya ba da sunan za mu kira shi uwar kamfani, wanda ya karɓa kuwa mai haya. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu, gama duk wanda ya taɓa shan mai a gidan mai mai ɗauke da tambarin babban kamfani, alhali wani attajirin garin ne ke tafiyar da shi, to ya ga irinsa.

Iri biyu ne. Wanda ya fi daɗewa shi ne na rarraba kaya, kamar dillalan motoci da masu gidajen mai da masu ɗura lemo a kwalba. Tun 1899 mai kamfanin Coca-Cola ya sallama wa waɗansu lauyoyi biyu na garin Catanuga iznin ɗura lemonsa a kwalba a kusan dukkan ƙasar. Na biyun shi ne wanda ake ba mutum suna tare da dukkan tsarin sana'ar, kamar gidajen abincin gaggawa da otal-otal. A nan mai haya yakan biya kuɗin shiga tun farko, sa'an nan kowane wata ya ba uwar kamfani wani kaso na cinikin da ya yi, da wani kason domin talla. A McDonald's kason ya daɗe yana kashi 4 cikin 100, aka mai da shi kashi 5 ga sababbin shaguna daga 2024, ban da kuɗin hayar gini, domin sau da yawa kamfanin ne mai filin.

A nan ya kamata mu tsaya mu lura da abu ɗaya, domin kusan dukkan siyasar da za mu bayyana a kansa ta ginu. Kason uwar kamfani daga ciniki ake cire shi, ba daga riba ba. Ke nan in gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi, ko ta ɗora wani sabon haraji, mai haya ne zai fara ji a jikinsa, domin shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke biyansu. In ma ya ƙara farashin abinci don ya fanshe, kason uwar kamfani ƙaruwa zai yi muddin masu saye ba su gudu ba. Wannan ne ya sa mai haya ya fi uwar kamfani zafi a kan dokokin ƙwadago, ko da yake sunanta ne jama'a suka sani.

Ƙungiyar masu wannan ciniki, wadda ake taƙaita sunanta da IFA, ta ƙiyasta cewa shagunan haya a Amurka sun haura 800,000, ma'aikatansu kuma sun haura miliyan 8. McDonald's kaɗai tana da shaguna kimanin 13,500 a ƙasar, kuma wajen kashi 95 cikin 100 suna hannun masu haya. Mazaɓun Majalisar Wakilai kuwa 435 ne. Banki yana iya tara ƙarfinsa a birni ɗaya, amma masu haya a watse suke cikin kowace mazaɓa, kuma galibi su ne masu ɗaukar nauyin ƙwallon yaran unguwa da bukukuwan makarantu, su ne kuma suka ba 'ya'yan masu jefa ƙuri'a aikinsu na farko. Sai dai kada a ɗauka dukkansu ƙananan 'yan kasuwa ne. Kamfanin Flynn, alal misali, mai haya ne a gaban doka, amma shagunan da yake riƙe da su sun haura 2,000.

3.0 Dokar kuɗin zaɓe da yadda ta ɗaga darajar masu haya

Tun 1907 dokar tarayya ta hana kamfani ya ɗebi kuɗi daga baitulmalinsa ya ba ɗan takarar muƙamin tarayya, kuma wannan hani yana nan. Amma shi mai kamfanin, a matsayinsa na mutum, ba a ɗaure masa hannu sosai ba sai daga baya. A 1972 Ray Kroc, wanda ya mai da McDonald's abin da ta zama, ya ba yaƙin neman zaɓen Shugaba Nixon kimanin dala 250,000. A daidai lokacin kuwa akwai wani shirin doka a gaban Majalisa wanda zai halatta a biya yara 'yan shekara 16 da 17 kashi 80 cikin 100 kawai na mafi ƙarancin lada, wanda a sa'an nan dala 1.60 ne a awa. Da yake yawancin ma'aikatan kamfanin matasa ne, sai masu adawa suka laƙa wa shirin suna dokar McDonald's. Sanata Harrison Williams na jihar Niyu Jasi ya fito fili ya danganta kyautar da shirin, Kroc kuwa ya musanta. Shirin dai bai zama doka ba, amma tabon ya zauna.

Abin kunyar Watergate shi ya jawo gyaran dokar zaɓe na 1974, wanda ya kafa Hukumar Zaɓe ta Tarayya, ya kuma yanke cewa mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara ɗaya fiye da dala 1,000 a zaɓe ɗaya ba. Asusun siyasa kuwa, watau kwamitin da ke tattara gudunmawar mutane ya raba wa 'yan takara, an yanke masa dala 5,000. Zaɓen fid da gwani da babban zaɓe kowanne dabam ake lissafa shi. Daga 2002 aka fara ɗaga iyakar mutum ɗaya, har ta kai dala 3,300 a zaɓen 2024, amma ta asusun siyasa tana nan inda aka bar ta.

A ganina wannan gyara, ba tare da an nufa ba, shi ya ɗaga darajar masu haya. Da can ɗan takara yana bukatar attajiri ɗaya ne mai buɗaɗɗen hannu. Bayan 1974 sai ya zamana yana bukatar mutane da yawa masu rufin asiri, waɗanda bukatarsu ɗaya ce, kuma akwai mai iya tara su a ɗaki ɗaya. Masu haya 100 in kowa ya ba da dala 3,300, an tashi da dala 330,000 ke nan, in matansu suka sa nasu ya ninka, kuma babu wanda ya karya doka.

Wata ƙofa kuma ta buɗe. Doka ta yarda kamfani ya kafa asusun siyasa, amma ba ya roƙon kowa ya zuba kuɗi a ciki sai manyan ma'aikatansa da masu hannun jari da iyalansu. Tun ƙarshen shekarun 1970 Hukumar Zaɓe ta yanke cewa kamfanonin irin su McDonald's suna iya roƙon masu hayar sunansu ma, bisa hujjar cewa ikon da uwar kamfani take da shi a kansu ya kai a ɗauke su 'yan gida ɗaya. Ina roƙon mai sauraro ya riƙe wannan hujja, domin za mu sake gamuwa da ita a gaba ta juya baya. Ban da asusun uwar kamfani, masu haya sukan kafa nasu na kansu, kamar yadda masu shagunan Taco Bell suka yi. Mafi yawan kuɗin irin waɗannan asusu ga jam'iyyar Rifablikan yake tafiya, amma ba sa mantawa da 'yan Dimokurat masu riƙe da muhimman kwamitocin Majalisa.

Ita kuwa IFA a 1960 aka kafa ta, kuma William Rosenberg, wanda ya kafa Dunkin' Donuts, yana cikin jagororin kafa ta. Shekara 33 ta yi tana ƙungiyar iyayen kamfanoni zalla, sai a 1993 ta buɗe wa masu haya ƙofa. Ruwa ba ya tsami banza. A 1992 masu haya sun shawo kan majalisar jihar Ayowa ta yi dokar da ta hana a ƙwace wa mutum shago ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ta kuma ba shi kariya in aka buɗe wani shagon mai sunan nan a kusa da nasa, har McDonald's ta kai jihar ƙara. A wannan shekara kuma masu haya suka fara kafa ƙungiyoyinsu na ƙasa baki ɗaya. Iyayen kamfanoni suka ga gara su jawo mutanen nan cikin inuwa ɗaya da a bar su suna kai kuka majalisun jihohi. Dabarar ta biya, domin yanzu in ƙungiyar ta kai mambobinta Washinton kamun ƙafa, kamar yadda take yi kowace shekara, mai shago biyu daga mazaɓar ɗan majalisa ake sawa gaba, lauyan uwar kamfani yana daga baya.

4.0 Dillalan motoci

In ana son a ga iyakar abin da masu haya za su iya yi a siyasa, to a dubi dillalan sababbin motoci. Ƙungiyarsu, NADA, siyasa ce ma ta haife ta: a 1917 dillalai 30 suka tafi Washinton don su hana a ɗora wa mota harajin kayan alatu, suka samu aka rage shi daga kashi 5 zuwa kashi 3 cikin 100. A 1956 suka samu dokar da ta ba dillali damar kai kamfanin ƙera motoci ƙara a kotun tarayya in ya ƙwace masa wakilci da mugun nufi. A jihohi kuma, sannu a hankali, suka samu dokokin da suka hana kamfani ya yi gasa da dillalinsa. Wuraren sayar da sababbin motoci sun haura 16,000, kuma a ƙananan garuruwa sau da yawa dillalin mota yana cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukar ma'aikata, da biyan harajin ciniki, da sayen filin talla a jaridar gari da gidan rediyo.

A 1981 Hukumar Ciniki ta Tarayya ta fito da ƙa'ida cewa duk dillalin da zai sayar da tsohuwar mota sai ya manna takarda a gilashinta ya rubuta manyan lahanin da ya san tana da su. Mai sauraro zai ce ai wannan ba abin musu ba ne. To amma a watan Mayu na 1982 Majalisar Dattijai ta soke ƙa'idar da ƙuri'a 69 da 27, ta Wakilai kuma da 286 da 133, jaridu suka yi ta buga jerin 'yan majalisar da suka karɓi gudunmawa daga asusun siyasa na dillalai. A 1983 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Majalisa ba ta da ikon soke ƙa'idojin hukumomi ta irin wannan hanya, amma ko da hukumar ta sake fito da ƙa'idar a 1984, maganar bayyana lahani ta riga ta fita daga ciki.

Haka aka yi a 2009, sa'ad da kamfanonin Chrysler da General Motors suka durƙushe, gwamnati ta ceto su da kuɗin jama'a. Chrysler ta soke wakilcin dillalai 789, General Motors ta aika wa fiye da 1,000 takardar sallama. Kafin shekara ta ƙare Majalisa ta yi dokar da ta ba waɗanda abin ya shafa damar kai ƙara gaban mai sulhu, kuma ɗaruruwa suka koma bakin aikinsu. Ɗaya daga cikin waɗanda aka so a karɓe wa wakilcin Cadillac, Mike Kelly na jihar Fensilbeniya, fushin abin ya sa ya tsaya takara a 2010, ya kuma ci kujerar Majalisar Wakilai. A wannan shekara ta 2010 aka yi babbar dokar gyaran harkar kuɗi wadda ta kafa hukumar kare masu cin bashi. Dillalai su ke shirya wa yawancin masu sayen mota bashi, amma suka nemi a cire su daga ƙarƙashin hukumar. Shugaba Obama ya ƙi, Ma'aikatar Tsaro ma ta ƙi saboda yadda ake cutar ƙananan sojoji wajen bashin mota, duk da haka aka cire su. Wanda ya kawo gyaran a Majalisar Wakilai, John Campbell na Kalifoniya, shi kansa tsohon dillalin motoci ne.

Da kamfanin Tesla ya zo da nufin sayar da motocinsa kai tsaye ba dillali, sai ya yi karo da wannan katanga. Jihar Mishigan ta ƙara tsaurara dokarta a 2014, ba a sasanta ba sai 2020, bayan shari'a. Daga cikin dillalai har wa yau akwai masu tsallake matsayin mai ba da gudunmawa su nemi kujerar da kansu, kamar Don Beyer na jam'iyyar Dimokurat a Bajiniya, da Bernie Moreno na Rifablikan wanda ya ka da Sanata Sherrod Brown a Ohayo a 2024.

5.0 Rikicin albashi: wane ne ubangidan ma'aikaci?

Mafi ƙarancin lada na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. A watan Nuwamba na 2012 ma'aikatan gidajen abincin gaggawa a Niyok suka yi yajin aiki suna neman dala 15 da 'yancin kafa ƙungiya, tare da goyon bayan babbar ƙungiyar ƙwadago ta SEIU. Matsalar da ƙungiyar ta tarar ita ce, a gaban doka wanda ke soya dankali a McDonald's ba ma'aikacin McDonald's ba ne, ma'aikacin mai haya ne. In ana son a yi ciniki a kan albashi, sai a bi dubban masu haya ɗaya bayan ɗaya, abin da ba zai yiwu ba. Saboda haka sai ta nemi a ɗauki uwar kamfani da mai haya a matsayin iyayen gida biyu na ma'aikaci ɗaya.

A 2014 babban lauyan Hukumar Hulɗar Ƙwadago ta Ƙasa ya yarda a haɗa da McDonald's cikin ƙararrakin da aka kai masu hayarta, a 2015 kuma hukumar ta faɗaɗa ma'anar ubangida a shari'ar Browning-Ferris. Nan fa iyayen kamfanoni da masu haya suka haɗa kai, kowa da dalilinsa. Uwar kamfani tana tsoron ɗaukar alhakin ma'aikatan da ba ita ke biyansu ba. Mai haya kuwa yana tsoron in aka ɗora mata alhakin, za ta karɓe ragamar shagon, shi ya koma manaja a cikin dukiyarsa. Hujjarsu ita ce mai haya ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa. Mai sauraro zai tuna cewa a gaban Hukumar Zaɓe akasin haka aka faɗa, watau ikon uwar kamfani ya kai a ɗauke su 'yan gida ɗaya. Lauyoyi za su ce dokokin biyu ne, kowace da ma'auninta, kuma gaskiya suka faɗa. Amma dai abin ya cancanci a lura da shi.

Tun daga nan ma'anar ubangida take sauyawa duk lokacin da mulki ya sauya hannu. Jihohi fiye da 10, ciki har da Teksas da Tenesi, suka yi dokokin da suka ce uwar kamfani ba ubangida ba ce. Shugaba Trump ya zaɓi Andrew Puzder, shugaban kamfanin da ke da Hardee's da Carl's Jr., ya zama sakataren ƙwadago, ko da yake ya janye a watan Fabrairu na 2017 kafin a tabbatar da shi. Hukumar ta ƙuntata ma'anar a 2020, ta sake faɗaɗa ta a 2023 a zamanin Shugaba Biden. Majalisun biyu suka ƙi sabuwar ƙa'idar, Biden ya hau kujerar na ƙi a watan Mayu na 2024, amma kafin nan wani alƙalin tarayya a Teksas ya riga ya rushe ta.

Ba kullum suke cin nasara ba. Birnin Siyatil ya yi dokar dala 15 a 2014, ya kuma lissafa mai haya cikin manyan kamfanoni muddin ma'aikatan da ke ƙarƙashin sunan sun haura 500 a faɗin ƙasa, saboda haka aka ba shi shekara 3 ya kai adadin, maimakon 7 da aka ba ƙananan 'yan kasuwa. IFA ta kai ƙara ta faɗi, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar a 2016.

Inda ɓarakar cikin gida ta fito sarari shi ne Kalifoniya. A watan Satumba na 2022 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta kafa wata majalisa mai ikon ɗaga ladan ma'aikatan abincin gaggawa har dala 22 a awa. Kamfanoni suka zuba miliyoyin daloli, aka tara sa hannun mutane fiye da miliyan 1 don a kai dokar ƙuri'ar raba gardama, abin da ya dakatar da ita. Sunan da aka raɗa wa gamayyar yana nuna ceton gidajen abincin unguwa ne, amma cikin manyan masu zuba kuɗin akwai Chipotle da In-N-Out, waɗanda ba sa ba da hayar suna ko kaɗan a jihar. Ƙungiyar ƙwadago ta mai da martani da sabon shirin doka wanda zai ɗora wa uwar kamfani alhakin laifin mai haya. A watan Satumba na 2023 aka sasanta: aka janye ƙuri'ar raba gardama, aka cire maganar alhakin uwar kamfani, aka tsai da lada dala 20 daga 1 ga Afrilu, 2024. Watau uwar kamfani ta samu abin da ta fi so, kuɗin kuwa daga aljihun mai haya zai fita. Ƙungiyar masu shagunan McDonald's mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2018, ta yi kukan cewa ba a zauna da su ba, ta kuma ƙiyasta cewa kowane shago zai ƙara kashe kimanin dala 250,000 a shekara. Daga nan masu haya na jihar suka kafa asusun siyasa nasu, suka kashe kuɗi wajen adawa da Chris Holden, ɗan majalisar da ya kawo dokar, a takarar da ya yi ta kujerar gundumar Los Anjalis a watan Maris na 2024. Ya faɗi, ko da yake wadda ta ka da shi mai riƙe da kujerar ce, saboda haka ba za a ce kuɗinsu kaɗai ya ka da shi ba.

6.0 Suna ɗaya, ra'ayi dabam-dabam

Mai saye ba ya karanta yarjejeniyar haya, allon da ke ƙofa kawai yake gani. A watan Yuni na 2020 labari ya bazu cewa shugaban wani kamfani da ke Teksas, mai riƙe da ɗaruruwan shagunan Wendy's da Taco Bell da Pizza Hut, ya ba yaƙin neman zaɓen Trump fiye da dala 400,000. Irin wannan adadi ya yiwu ne domin a 2014 Kotun Ƙoli ta soke iyakar jimlar abin da mutum zai iya bayarwa, saboda haka ana iya rubuta caki ɗaya ga kwamitin haɗin gwiwa wanda zai raba kuɗin tsakanin ɗan takara da jam'iyya. Nan take aka shiga kiran a ƙaurace wa Wendy's a kafar Twitter, mutane da yawa suna tsammani shugaban Wendy's ne ya ba da kuɗin, har kamfanin ya fito ya ce bai taɓa ba wani ɗan takarar shugaban ƙasa gudunmawa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: sauran masu shagunan Wendy's, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, da su aka sha zagin.

Abin yakan gangaro daga sama ma. Kalaman John Schnatter, wanda ya kafa Papa John's, a kan zanga-zangar baƙaƙen 'yan ƙwallo a 2017, da kalmar wariyar launin fata da ta sa ya sauka daga shugabanci a 2018, sun karya cinikin masu haya har kamfanin ya rage musu kason da suke biya. A wajen Amurka kuwa, a watan Oktoba na 2023 kamfanin Alonyal, mai hayar McDonald's a Isra'ila, ya sanar da raba wa sojojin ƙasar abinci kyauta. Masu haya na Saudiyya da Oman da Kuwait da waɗansu ƙasashe suka yi maza suka nisanta kansu, waɗansu suka yi alkawarin agaji ga Gaza, amma ƙauracewar ta taɓa ciniki har Maleshiya da Indunusiya. A watan Afrilu na 2024 uwar kamfani ta sanar da cewa za ta saye shagunan Isra'ila 225 su dawo hannunta.

Sai dai ba kowace uwar kamfani ke iya saye shagunan duk mai hayar da ya jawo magana ba, kuma a cikin Amurka gudunmawar da mutum ya bayar daga aljihunsa haƙƙinsa ce. Abin da yarjejeniya ta ba ta iko a kai shi ne suna da tambari da abin da ake yi a cikin shago. Ko a nan ma iyakar ba ta fita sosai ba. Ranar 20 ga Oktoba, 2024, kwana 16 kafin zaɓe, wani mai hayar McDonald's a gundumar Bucks ta jihar Fensilbeniya ya rufe shagonsa ga jama'a ya karɓi Trump, wanda ya ɗaura rigar aiki ya soya dankali, ya miƙa wa waɗansu masu motoci da aka tantance abinci ta taga. Manufarsa ita ce ya yi wa Kamala Harris shaguɓe, domin ta ce ta taɓa aiki a McDonald's tana ɗaliba, shi kuwa yana musantawa. Kamfanin ya san da zuwan, ya kuma yarda, amma ya aika wa ma'aikatansa da masu haya takarda cewa ba ya goyon bayan kowane ɗan takara, kuma ƙofa a buɗe take ga Harris ita ma. Hoton ya zagaya duniya, tallan da babu asusun siyasar da doka za ta bari ya saya da dala 5,000. Ta wannan tagar 'yan jarida suka tambayi Trump ko yana goyon bayan ƙara mafi ƙarancin lada, sai ya yaba ƙwazon ma'aikatan shagon, bai amsa tambayar ba. A lokacin mafi ƙarancin lada a Fensilbeniya dala 7.25 ne, daidai da na tarayya.